KADA SHARI'AR FYAƊE TA MUTU A HANYA

Jawabi domin karantawa a ajujuwan yaƙi da jahilci na Dutsin-Ma da Kurfi

 

Maganar yau mai nauyi ce. Magana ce wadda ake sunkuyar da kai idan an taɓo ta, wato maganar fyaɗe. To amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin yana faruwa a birni, yana faruwa a ƙauye. Yana faruwa ga 'yar talla, da yarinyar da aka aika ɗebo ruwa, da matar aure a cikin ɗakinta, har da yara maza. Sau da yawa kuma mai laifin ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko mai shago, ko ɗan uwa na jini.

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi wani bincike tare da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Binciken ya nuna cewa a cikin kowaɗanne 'yan mata huɗu na Nijeriya, an ci zarafin ɗaya ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18. A cikin yara maza goma kuma, ɗaya. Waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Ana yawan jin mutane suna cewa, "An kama shi, amma ga shi nan ya dawo yana yawo a gari." Wannan jawabi a kan wannan yake. Me ya sa ake kama mutum, shari'a ta lalace, ya dawo gida? A ina ake samun ɓaraka? Mene ne aikin iyaye, mene ne aikin 'yan sanda, mene ne kuma ya rataya a wuyan gwamnati?

ABIN DA DOKA TA CE

Tun da daɗewa akwai doka. Dokar Final Kot ta Arewa ta fara aiki a 1960. Sashe na 282 na wannan doka ya bayyana fyaɗe. Shi ne namiji ya sadu da mace ba da yardarta ba, ko ya sami yardarta ta hanyar tsorata ta da kisa ko rauni. Idan kuwa yarinya ba ta kai shekara 14 ba, ko mace ce mai taɓin hankali, dokar ta ce babu maganar yarda. Ko ta ce ta yarda, fyaɗe ne. Saboda haka wanda ya yaudari ƙaramar yarinya da alewa ko naira hamsin ba shi da bakin cewa ai da sonta aka yi.

A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane. Wannan doka ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe. Ta ce ana yi wa namiji fyaɗe kamar yadda ake yi wa mace. Ta tanadi ɗaurin rai da rai. Inda aka sassauta, babban mutum ba zai sami ƙasa da shekara 12 ba, kuma babu zaɓin biyan tara. Idan taron dangi aka yi wa mace, ɗaurin ba zai gaza shekara 20 ba. Da fari a Abuja kaɗai dokar take aiki, sai jihohi suka riƙa yin tasu. A Jihar Katsina, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar kare yara a 2020. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa kuma ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafi ta jiha a 2023.

Shekarar 2020 ce shekarar da ƙasa ta girgiza a kan wannan al'amari. A watan Yuni gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce daga Janairu zuwa Mayu na shekarar an kai wa 'yan sanda ƙarar fyaɗe 717. An kama mutum 799, an kai shari'a 631 kotu. A watan Satumba Gwamna Nasiru El-Rufa'i na Kaduna ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe.

Doka kam ta yi tsanani. Sai dai alƙali ba ya ɗaure mutum da tsananin doka. Da shaida yake ɗaurewa. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Idan shaida ta yi rauni, dole alƙali ya sallame shi, ko da kowa a gari ya san shi ne.

KWANA UKUN FARKO

Yawancin shari'un fyaɗe a gida suke fara mutuwa, tun kafin ɗan sanda ya ji labari.

A ɗauki misali. Yarinya ta tafi tallar ƙuli-ƙuli da la'asar. Ta dawo bayan magariba tana ɗingishi, tana kuka. Uwa ta duba, ta gane abin da ya faru. Abu na farko da za ta yi shi ne ta dafa ruwan zafi ta gasa ta, ta wanke zanen da ɗan kamfai, ta shanya. Tausayi ne ya sa ta yi haka, babu mai zarginta. Amma ta wanke shaida da hannunta. Uba ya dawo daga gona, aka ce a jira kawu. Kawu ya zo, aka ce a bari a ji ta bakin dangin yaron. Kafin a yanke shawarar zuwa asibiti mako guda ya wuce. Likita ya duba, rauni ya fara warkewa, ya rubuta ɗan abin da ya gani. Da wannan 'yar takarda za a je gaban alƙali.

Abin da ya dace shi ne a kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne. Kada a yi mata wanka tukuna. Kada a wanke kayan da ke jikinta. Idan ta canza kaya, a naɗe na farkon a cikin takarda mai tsabta ko ambulan, a tafi da su. Kada a ƙulle su a leda, domin leda tana riƙe danshi, shaidar ta ruɓe. Tabarma ko zanen gado da abin ya faru a kai, shi ma a ajiye shi yadda yake.

Gaggawar zuwa asibiti ba domin shari'a kaɗai ba ce. Akwai maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau. Amma sai an fara shan shi a cikin awa 72, wato kwana uku, sannan a ci gaba da sha har kwana 28. Bayan kwana uku maganin ba ya aiki. Akwai kuma maganin da ke hana ɗaukar ciki, shi kuma iyakarsa kwana biyar, kuma ya fi aiki idan an sha da wuri. Akwai allurar ciwon hanta, da maganin ciwon sanyi. Yarinyar da aka ɓoye a ɗaki saboda kunya ta rasa duk waɗannan.

Akwai babban asibiti a Dutsin-Ma, akwai a Kurfi. Mutumin Karofi ko Makera ko Shema ya san hanyar Dutsin-Ma. Na Birchi ko Wurma ko Tsauri ko Rawayau ya san hanyar Kurfi. Idan rauni ya yi tsanani, asibiti ne farko, ofishin 'yan sanda ya biyo baya. Wani ya tsaya da yarinya, wani ya tafi kai rahoto.

Abu na biyu mai kashe shari'a shi ne sulhu. Dangin mai laifi su zo da dattawa, a zauna a zaure, a ce a rufa asiri. A ba da kuɗin magani, wani lokaci har da tunkiya. A ce ai idan magana ta fita yarinya ba za ta sami miji ba. Sulhu alheri ne a rikicin gona da na gado da na aure. Fyaɗe kuwa laifi ne da aka yi wa ƙasa gaba ɗaya, shi ya sa gwamnati ce take ƙarar mai laifi. Uba ba shi da ikon yafe shi a madadin doka, mai unguwa ma haka. Wanda ya ɓoye mai laifi, ko ya karɓi kuɗi domin a binne magana, shi ma ya taka doka.

A watan Yuni na 2020 'yan sandan Jihar Kano sun ba da sanarwar kama wani mutum a Kwanar Ɗangora. Ana zarginsa da yi wa mata 40 fyaɗe a cikin shekara guda. Wata uwa ce ta same shi a ɗakin 'ya'yanta, ya gudu, maƙwabta suka bi shi suka kama. Sai mai sauraro ya tambayi kansa: gida nawa ne suka yi shiru kafin a kai ga wannan uwa? Wanda aka rufa wa asiri yau, gidan maƙwabci zai shiga gobe.

Wasu iyaye suna tsoron cewa idan babu shaidu huɗu, laifin zai koma kan 'yarsu. Malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa babu haddi a kan macen da aka tilasta. A mazhabar Malikiyya ma, zuwan mace da alamar rauni da neman agaji tun abin yana sabo suna cikin abubuwan da ke gaskata maganarta. Ashe ke nan jinkiri ne yake cutar da ita ta kowace fuska. Kotun gwamnati kuwa ba ta neman shaidu huɗu. Tana duba bayanin yarinya, da takardar likita, da sauran alamu.

DAGA OFISHIN 'YAN SANDA ZUWA KOTU

Yana da kyau kowa ya san hanyar da ƙara take bi, domin wanda bai san hanya ba shi ake ɓatarwa.

Ana fara kai rahoto a ofishin 'yan sanda na yanki. A rubuta ƙarar a littafi. Baturen 'yan sanda ya naɗa jami'in da zai yi bincike. A ba da takardar zuwa asibiti. A ɗauki bayanin yarinya da na shaidu da na wanda ake tuhuma. Da yake fyaɗe babban laifi ne, ofishin yanki ba ya riƙe shi. Ana tura shi sashen binciken manyan laifuffuka, wato Si'aidi, a hedikwatar 'yan sanda da ke Katsina. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu idan kotu tana da nisa. Saboda haka akan kai shi gaban majistare, shi kuma ya ba da umurnin a tsare shi a gidan yari. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Suna zaton shari'a ta fara. Ba ta fara ba. Ajiye shi kawai aka yi. Sai an aika fayil zuwa Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin gwamnati su karanta, su ba da shawara ko akwai isasshiyar shaida. Idan akwai, sai a shigar da ƙara a Babbar Kotu, a kira shaidu.

Hanyar tana da tsawo, kuma a kowane mataki fayil yana iya kwanciya. Yana iya yin watanni a kan tebur ba a aika ba. Ana iya yi wa mai bincike canjin wurin aiki, ya tafi da abin da ya sani a cikin kansa. Likitan da ya duba yarinya ya koma wani gari. Uba ya sayar da buhun gero ya yi kuɗin mota sau uku, kullum a ɗage zama, a na huɗu ya ce ya bar wa Allah. Ranar da aka kira shaida babu kowa, lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce a kori ƙara. Alƙali ya kora.

A nan ne ilimin da ake samu a wannan aji yake da rana. Wanda ya iya rubutu ya sayi ɗan littafi na musamman. Ya rubuta ranar da abin ya faru, da lokacin, da wurin. Ya rubuta abin da yarinya ta faɗa da farko, da kalmominta, ba tare da ƙari ba. Ya rubuta sunan ɗan sanda mai bincike da lambar da ke ƙirjinsa da lambar wayarsa. Ya rubuta sunan likita, da ranar da aka tura fayil Katsina, da kowace ranar zaman kotu. Shari'a tana iya kai shekara biyu. Kai yana mantuwa, takarda ba ta yi. Kuma kada kowa ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa ba.

Takardar haihuwa ma babbar shaida ce. Hukuncin wanda ya taɓa ƙaramar yarinya ya dogara da shekarunta. Idan aka tambayi uba ya ce, "An haife ta shekarar da aka yi fari," lauya zai yi wasa da wannan amsa. Takardar Hukumar Ƙidaya ko katin rigakafi na asibiti ko rajistar makaranta suna rufe wannan ƙofa.

GYARAN DA AKE NEMA DAGA 'YAN SANDA

Akwai 'yan sanda masu ƙoƙari, waɗanda suke sa man babur daga aljihunsu domin su je ƙauye bincike. Wannan gaskiya ce. Amma akwai halaye da suke kashe shari'a, kuma dole a faɗe su.

Na farko shi ne yadda ake karɓar mai ƙara. Yarinya ta zo a tsorace. A tsayar da ita a gaban kanta, ga masu kawo ƙarar sata, ga 'yan kallo, a ce ta faɗi abin da aka yi mata da ƙarfi. Wani ma ya tambaye ta, "Me ya kai ki ɗakinsa?" Yarinyar da aka yi wa haka bakinta zai mutu, kuma ba za ta dawo ba. Ana bukatar ɗaki na daban a kowane ofishi, da 'yar sanda mace wadda aka horar. A bar uwa ko yaya ta zauna kusa. A bar yarinya ta yi magana da bakinta, a hankali, ba a sa mata kalma a baki ba. Kada a haɗa ta ido da ido da wanda take tsoro a ce su yi musu. Kuma a ɗauki bayanin sau ɗaya da kyau. Yaron da aka sa ya maimaita labari sau bakwai ga mutum bakwai dole a sami saɓani a maganarsa, kuma da wannan saɓani lauya zai kayar da shari'a.

Sai zuwa wurin da abin ya faru. Bincike ba a kan kujera ake yin sa ba. A je kangon ko shagon ko gonar a ranar. A ɗauki hoto, ko da da wayar hannu ne. A tambayi mai shayi da mai faci da matan da ke bakin rijiya, wa suka gani ya bi ta nan, da wane lokaci. A duba jikin wanda ake tuhuma, ko akwai yakushi ko cizo, a kai shi asibiti shi ma. Kayan da aka karɓa a rubuta musu lamba, a san hannun wa suka bi har zuwa kotu. Wannan yana da muhimmanci musamman ga ƙananan yara. Dokar shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum da irin wannan shaida ita kaɗai sai an sami wata da ta ƙarfafa ta. To wannan ta biyun, ɗan sanda ne zai nemo ta.

Akwai kuma dogaro da duka. Wasu suna ganin idan an matsa wa mutum ya amsa laifi, aiki ya ƙare. A kotu sai ya ce dukansa aka yi, ya nuna tabo. Dokar shaida ta hana alƙali karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar azaba. Tun 2017 ma akwai dokar da ta mai da azabtarwa laifi. Idan babu wata shaida sai wannan, shari'a ta rushe. Mafita ita ce a ɗauki bayaninsa a gaban lauya ko wani shaida, a naɗa a bidiyo. Idan da Hausa ya yi magana, a rubuta da Hausa, a karanta masa. Idan an sa tafinta, dole tafintan ya zo kotu ya ba da shaida. Shari'u da dama sun faɗi a kan rashin zuwan tafinta kawai.

Wannan gargaɗi ya shafi jama'ar gari da 'yan sintiri. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta al'umma saboda matsalar 'yan bindiga, kuma a ƙauyuka da yawa su da 'yan banga ne ake fara kira. Aikinsu su kama, su miƙa wa 'yan sanda da wuri. Idan aka taru aka yi wa mutum dukan kawo wuƙa, an ba lauyansa makami. Idan ya mutu, masu dukan ne za su amsa tuhumar kisa. Wani lokaci ma ba shi ne ya aikata ba.

Maganar kuɗi kuma a fili take. Kai ƙara kyauta ne. Babu kuɗin buɗe fayil a doka, babu kuɗin biro da takarda. Wanda aka matsa wa ya biya, ko ya ga ana neman karkatar da magana, ya nemi ganin baturen 'yan sanda. Idan bai gamsu ba ya rubuta takarda zuwa ga kwamishinan 'yan sanda. Rundunar tana da sashen karɓar koke-koken jama'a, wanda aka kafa a 2015. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofishi a Katsina. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, ita ma tana bin irin waɗannan shari'u ba tare da karɓar kuɗi ba.

Gwamnati ma tana da nata kason. Ofishin da ba a ba shi kuɗin mai ba, daga aljihun mai ƙara zai nema. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta ce a ajiye aƙalla ɗan sanda ɗaya wanda yake lauya a kowane ofishin yanki. Da za a cika wannan a Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, da an riƙa gyara fayil tun daga tushe. Ana bukatar ƙarin lauyoyin gwamnati, da wa'adin da ba za a wuce ba wajen ba da shawara. Ana bukatar a biya wa shaidu kuɗin mota, a kuma yi gwajin asibiti kyauta. Wasu wurare sun buɗe cibiyoyi na musamman a cikin asibiti, inda ake samun likita da mai ba da shawara da hanyar 'yan sanda a wuri ɗaya. Ta farko ita ce cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013. Daga baya aka sami Salama a Kaduna, da Waraka a Kano, da Nana Khadija a Sakkwato. Irin wannan cibiya ta fi amfani idan tana kusa da ƙauye, inda za a iya isa kafin kwana uku su cika. A 2019 kuma an buɗe rajistar ƙasa ta masu laifin fyaɗe a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. Amma suna ba ya shiga jerin waɗanda aka hukunta sai shari'a ta kai ƙarshe.

A GABAN ALƘALI

Iyaye da yawa kotu suke tsoro. Suna ganin za a tozarta 'yarsu a bainar jama'a. Doka ta yi tanadi a kan wannan. Tsarin mulki ya ba alƙali ikon fitar da 'yan kallo idan shari'a ta shafi wanda bai kai shekara 18 ba, ko domin kare mutunci. Uba yana iya roƙon lauyan gwamnati ya nemi haka. Sashe na 234 na dokar shaida kuma ya hana lauya tono tarihin mace da wasu maza, sai da izinin kotu. Mai ƙara ba ya bukatar ɗaukar lauya, domin lauyan gwamnati ne yake tsayawa. Ya kamata a je a gan shi kafin ranar zama, ya bayyana wa yarinya yadda kotu take, inda za ta tsaya, da wanda zai yi mata tambaya.

Idan aka ba da belin wanda ake tuhuma, wannan ba sallama ba ce, shari'a tana nan. Idan ya dawo gari yana barazana, ko danginsa suna aike da magana, a rubuta ranar da abin da aka faɗa, a kai wa mai bincike da lauyan gwamnati. Kotu tana da ikon soke belin.

Saura magana ɗaya wadda ta shafi wannan yanki musamman. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan da ke kusa da dajin Rugu, daga Safana da Batsari da Ɗanmusa har zuwa sassan Kurfi da Dutsin-Ma, an ci zarafin mata da yawa, a gidajensu da kuma a daji. Yawancinsu ba su san sunan wanda ya yi musu ba. Wasu sun dawo da ciki. Wasu mazansu sun juya musu baya, alhali ba su da laifin komai. Irin waɗannan mata su ma a kai su asibiti ranar da suka dawo, ko da kwana ukun sun wuce, domin akwai cututtukan da ake warkarwa a kowane lokaci. A kuma kai rahoto a rubuta, da ranar da aka ɗauke ta, da wurin da aka ajiye ta, da laƙabin da ta ji ana kiran mutanen da shi. Ana kama ɗan bindiga bayan shekara ɗaya ko biyu, a tuhume shi da satar shanu da garkuwa da mutane kawai, saboda babu takardar da ta ambaci fyaɗe.

Hakimai biyu na wannan yanki, Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi, suna da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsu, kuma ƙofar mai unguwa ce uba yake fara bugawa da dare. Abin da ake roƙon mai unguwa shi ne ya nemo babur ko mota a daren, ya haɗa iyaye da wani mai iya rubutu, ya raka su asibiti da ofishin 'yan sanda. Malamin aji kuma ya taimaka wa duk ɗalibin da ya zo masa da irin wannan matsala wajen rubuta takarda, ya kuma riƙe sirrin gidan.